Maiƙon da ya ƙone ya daskare a jikin tukunya da kasko: me ke fitar da shi?

Tambaya: Tukwanena da kaskon suya da farantin gashi duk sun yi wani jan maiƙo mai danƙo a gefe, gindinsu kuma ya yi baƙi ƙirin. Na jiƙa da sabulu, na dirza da soson ƙarfe har hannuna ya yi tsami, na gwada bekin soda da ruwan khal kamar yadda aka ba ni shawara, amma abin yana nan daram. Akwai abin da zai fitar da shi ba tare da na lalata kayana ba?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma ba ƙarfin hannunki ne ya gaza ba. Abin da kike fama da shi ya riga ya tashi daga mai ya koma wani abu dabam, shi ya sa sabulu yake wucewa ta kansa kamar bai gan shi ba.

Duk lokacin da aka yi suya, ɗan mai yana fantsama ya zauna a bakin kasko, ko ya gangara ta baya har zuwa gindi. Idan ba a wanke shi tas ba, gobe ya sake hawa wuta, jibi ma haka. Zafi da iskar oksijin suna sa ƙwayoyin man su riƙa kama juna suna sarƙewa, har su zama wata fata mai tauri da ta manne wa ƙarfen. Irin wannan sauyin ne yake sa fentin mai ya bushe a jikin katako. Da farko fatar rawaya ce mai danƙo, sai ta yi ja ta ƙeƙashe, a ƙarshe ta ƙone ta zama gawayi. Shi kuwa sabulu aikinsa shi ne ya kama mai da yake ruwa-ruwa ya haɗa shi da ruwa a ɗauraye. Abin da ya riga ya daskare ya fi ƙarfinsa, ko da kin juye kwalba guda a kai.

A shekarar 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa kowane irin wanki a kan abubuwa huɗu yake tsaye: sinadari, zafi, lokaci da dirza. Idan ɗaya ya ragu, dole sauran su ƙaru su cike gurbinsa. Masu aikin tsabtace manyan ɗakunan girki da masana'antu har yau da wannan ƙa'ida suke aiki. To ke kin ɗora nauyin gaba ɗaya a kan dirza, wadda ita ce ta fi wahalar da jiki, kuma ita ce ta fi cin tukunya. Abin da nake so ki yi shi ne ki juya lissafin. Ki samu sinadarin da ya dace, ki ba shi zafi, ki ba shi lokaci, sai dirzar ta zama 'yar gogewa ta ƙarshe.

Sinadarin da ke karya daskararren maiƙo shi ne alkalin, wato dangin ruwan toka. Yana tsinka igiyoyin da suka riƙe ƙwayoyin man, ya mayar da wani sashe nasu sabulu, sai fatar ta yi laushi ta saki ƙarfen. Hawa uku ne a gida. Na ƙasa bekin soda ce, wadda ƙarfinta a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ke nuna ƙarfin asid ko alkalin, bai wuce 8 da ɗoriya ba. Tana da sauƙi a hannu amma ba ta da zafin nama. Na tsakiya sodar wanki, tana kai wa wajen 11. Na sama kostik soda, wadda ake haɗa sabulu da ita, kuma ita ce ke cikin yawancin magungunan wanke tanderu. Tana kai 13 zuwa 14, tana cin maiƙo, tana kuma cin fatar mutum. Ki lura cewa kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, saboda haka tazarar da ke tsakanin 8 da 11 ba ƙarama ba ce. Tokar itace ma alkalin ce, da ita mutane suka wanke tukwane tun kafin a san sabulun kanti.

Nan ne shawarar da aka ba ki ta sami tangarɗa. Ruwan khal asid ne, bekin soda kuwa alkalin. Idan suka haɗu kashe juna suke yi. Kumfar nan da ke tashi tana burge ido iskar kabon dayoksaid ce kawai take fita, abin da ya rage a kaskon ruwa ne da wani ɗan gishiri da ba ya taɓuka wa maiƙo komai. Ina jin takaicin yadda wannan haɗi ya bazu, domin yana sa mutane su ɓata abubuwa biyu masu amfani su kuma ɗauka laifin hannunsu ne. Khal yana da nasa aikin: yana cire farin dabbaren da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari, da tsatsa, da launin bakan gizo da zafi ke jawowa a ƙarfe mara tsatsa. Maiƙo dai ba fagensa ba ne. In za ki yi amfani da su biyun, soda ta fara ta gama aikinta, a ɗauraye, sannan khal ya biyo baya.

Kafin ki zuba komai, ki tabbatar da irin ƙarfen da ke hannunki, domin abin da ya gyara wannan tukunyar shi zai kashe waccan. Babban abin tsoro shi ne alminiyam. Za ki gane shi da rashin nauyi, don nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfe mai girmansa, haskensa a dushe yake, kuma idan kika goga masa farin ƙyalle da ƙarfi sai ki ga toka-toka a jikin ƙyallen. Kada ki dogara da maganaɗisu kaɗai: ba ya kama alminiyam, amma akwai ƙarfe mara tsatsa mai kyau da shi ma ba ya kamawa.

Bari in fara da ƙarfe mara tsatsa, wanda ya fi kowanne juriya. Idan ƙonuwar a ciki take, zuba ruwa ya rufe wurin, ki sa bekin soda cokali 2 zuwa 3 na cin abinci a kowace lita, ki ɗora a wuta ya riƙa tafasa a hankali minti 15 zuwa 20. Tafasar tana da sirri biyu. Zafin kansa yana tausasa fatar, sannan yana mayar da bekin soda sodar wanki a cikin ruwan, wato ƙarfinta yana ƙaruwa tana kan wuta. Ki sauke, ki bar shi ya huce har hannu ya iya shiga, ki kankare da cokalin katako. Za ki ga yana ɗagowa falle-falle. Wanda ya ƙi, ki yayyafa masa busasshiyar soda ki goga da ɗanyen soso, domin garin nata yana da ɗan kaushi da ba ya ƙarce ƙarfe.

Bayan tukunya ya fi wuya, saboda ruwa ba ya tsayawa a wurin. In kina da wata babbar tukunyar ƙarfe da ƙaramar za ta nutse a ciki, ki dafa ta a ruwan soda kamar yadda na faɗa, wannan ya fi komai sauƙi. In babu, ki samu roba mai faɗi, ki zuba ruwan zafi da sodar wanki cokali 2 a kowace lita, ki nutsa ta ta kwana. Wadda ba ta samu sodar wanki ba tana iya yin ta da kanta: a baza bekin soda a farantin gilashi ko na ƙarfe, a sa a tanderu mai zafin digiri 200 na Salshiyas kamar awa guda, garin zai sauya ya zama ita. Daga nan kuma sai da safar hannu, don tana busar da fata sosai. Akwai kuma hanyar kwaɓi: a dama soda da ɗan sabulun wanke-wanke da ruwa kaɗan ta yi kauri, a shafe gindin tukunyar, a lulluɓe da leda. Ledar nan ba ado ba ce. Da zarar kwaɓin ya bushe aikinsa ya tsaya, kuma sau da yawa masu cewa sun gwada bai yi ba, bushewa ya yi musu da wuri.

Idan maiƙon na shekara da shekaru ne, ya yi kauri har yana da ɓawo, kada ki sa rai zai fita a zama ɗaya. Hawa-hawa ya taru, hawa-hawa zai tafi. Baƙin da ke sama gawayi ne, kuma babu wani ruwa a ɗakin girki da ke narkar da gawayi. Abin da soda ke yi shi ne ta ratsa ta tsagogi ta ci danƙon da ke riƙe da shi daga ƙasa. Don haka ki kankare abin da ya saki, ki sake jiƙawa, zagaye biyu ko uku. A nan ne kostik soda ko maganin wanke tanderu ke da gurbi, idan haƙurin ya ƙare: a fesa a bayan tukunyar, a sa ta cikin leda a ɗaure, a ajiye a waje inda iska ke kaɗawa na 'yan awanni, sannan a wanke da ruwa mai yawa. Sai dai ki duba da kyau tukuna. Tukwane da yawa na ƙarfe mara tsatsa suna da faifan alminiyam a gindi ko a tsakiyar jikinsu don raba zafi, wani lokaci gefensa a buɗe yake, wasu kuma ƙusoshin marikinsu na alminiyam ne. Kostik za ta ci duk inda ta same shi.

Abu biyu ƙarfe mara tsatsa ba ya so. Na farko bilic, ruwan nan da ake sa wa tufafi su yi fari. Abin da ke kare wannan ƙarfe wata siririyar fata ce da ido ba ya gani, wadda sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, yake samarwa idan ya haɗu da iska. Kulorin da ke cikin bilic yana huda fatar ya bar ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa, kuma ko a kan maiƙon ma ba wani abin kirki yake yi ba. Na biyu soson waya mai kaushi. Yana barin zane-zane a jiki, sabon maiƙo ya samu wurin maƙalewa, sai wankin gaba ya fi na baya wuya. In soson na baƙin ƙarfe ne, yana ma barin burbushinsa ya yi tsatsa a kan tukunyar, ki ɗauka ita ce ta lalace. Idan dirza ta zama dole, ki bi layin da ke jikin ƙarfen, kada ki gicciye shi.

Alminiyam kuwa sai an bi shi da lallashi. Alkalin mai ƙarfi cinye shi yake yi. Kostik soda tana narkar da shi, tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ta bar tukunya da ramuka. Ko kusa kada ta je wurinsa, haka ma maganin wanke tanderu. Sodar wanki da tafasasshiyar bekin soda suna mayar da shi baƙi-baƙi, sabulun injin wanke kwanuka ma haka. Saboda haka a nan sinadari zai ja baya, zafi da lokaci su ɗauki nauyin. Ki tafasa ruwa da sabulun wanke-wanke a ciki minti 20, ki bar shi ya jiƙu sosai, ki kankare da katako, sannan ki goga da soson waya mai laushi wanda aka cika da sabulu. Tukunyar alminiyam da ba a yi mata wani rufi ba tana jure wannan gogewar, sai dai tana cin ɗan jikinta kowane lokaci, don haka ba aikin kullum ba ne. Idan ta riga ta yi duhu, ruwa da khal cokali 2 a lita, ko ruwan lemon tsami, a tafasa minti 10, haskenta zai dawo. Tukunyar alminiyam da aka taurara fuskarta a masana'anta, mai launin toka mai duhu da santsi, ita ba a sa mata waya ba a sa mata soda mai ƙarfi, sabulu da soson roba kawai. Gaskiyar magana, tsohuwar tukunyar alminiyam da bayanta ya yi baƙi ba lallai ta koma sabuwa ba, kuma ban ga dalilin da za ki sa kanki a wahala a kan haka ba. Baƙin da ya bushe ƙayau a gindi ba ya shiga abinci. Wanda ya kamata ki yaƙa shi ne na ciki da kuma mai danƙon nan na baki da mariƙi, domin shi ne ke yin ɗoyi, ya tara ƙura, ya kira kyankyasai.

Kasko mara kamu, mai baƙin rufin nan na Teflon, shi ne ya fi saurin mutuwa a hannun mai son tsabta. Rufin siriri ne ƙwarai, ƙarce ɗaya ya isa ya buɗe ƙofar ɓarewa. Ruwan ɗumi da sabulu, jiƙo mai tsawo, soso mai laushi. In danƙon ya ƙi, ruwa kofi biyu da bekin soda cokali ɗaya a ɗan tafasa minti 5 zuwa 10 a wuta kaɗan, a bari ya huce, a goge. Sau da yawa danƙon da ke taruwa a irin wannan kasko daga man fesawa na gwangwani yake zuwa, saboda sinadarin lesitin da ke cikinsa yana ƙonewa ya manne a gefen da abinci bai rufe ba. Kada ki taɓa cewa za ki ƙone dattin a wuta. Rufin yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, kasko mara komai a kan babbar wuta kuwa yana kai wa haka cikin 'yan mintuna, kuma hayaƙin da ke fita yana sa mutum zazzaɓi, yana kashe tsuntsayen da ke cikin gida. Jikin yawancinsu alminiyam ne, to bayansu dokar alminiyam ce ke hawa kansa. Idan rufin ya fara ɓarewa, wanki ba zai dawo da shi ba, lokacin sauyawa ne ya yi.

Kaskon baƙin ƙarfe na zubi, mai nauyin nan, labarinsa ya sha bamban, domin a wurinsa daskararren mai shi ne dukiya. Baƙar fatar nan mai sheƙi da ke hana shi tsatsa da kamu, ita ce dai abin da muke yaƙa a sauran tukwanen, sai dai an gina ta siririya kuma a daidaice. Wadda ta yi santsi ta bushe, ki bar ta. Wadda ta yi danƙo ko tudu-tudu ko take ɓarewa cikin abinci, mai ne ya yi yawa bai gama gasuwa ba. Ki goge da gishiri mai tsakuwa da ɗan mai, ko ki kankare da ƙarfe mai faɗin baki. In ya lalace gaba ɗaya, a tuɓe shi a sake: kostik soda kamar giram 25 a kowace lita ta ruwa, a cikin bokitin roba mai murfi, ya kwana biyu ko fiye, ba ta cin baƙin ƙarfe. Yana fitowa a wanke, a busar a kan wuta nan take don tsatsa ba ta jira, a shafa mai kaɗan a goge kamar ana son cire shi duka, a kifa shi a tanderu mai zafin digiri 230 awa guda. A maimaita sau uku ko huɗu. Ba a barinsa cikin ruwa ya kwana, ba a kuma jefa shi cikin garwashi don a ƙone dattin, yana iya tsagewa ko ya karkace.

Kwanon gashi na gilashi da tukunya mai rufin tangaran ba su da rigima: jiƙo a ruwan zafi da soda, gogewa da soson roba. Abin kiyayewa kawai shi ne kada mai zafi ya haɗu da ruwan sanyi, kuma kada a ƙarce su da waya, domin gilashin da ya sha zane wata rana yana iya fashewa a cikin tanderu.

Maganar kostik soda ina so ki riƙe ta da gaske, don na ambace ta sau da yawa kuma ba abin wasa ba ce. Safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai kare ido, wuri mai iska. Ruwan sanyi ake fara zubawa, sannan a zuba garin a hankali a cikinsa. Idan aka juya aka zuba ruwa a kan garin, yana ɗaukar zafi nan take ya fantsamo a fuska. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, na ido kuma a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. Kada a taɓa ajiye ruwanta a gorar abin sha ko kofi, don ba shi da launi, kuma yaron da ya kurɓa maƙogwaronsa ke ƙonewa, wani lokaci illar ta zauna har abada. In akwai ƙananan yara a gidan kuma babu inda za ki kulle bokitin, ki haƙura da ita, sodar wanki za ta yi aikin ko da ta ɗauki kwanaki. Haka nan bilic ba ya haɗuwa da khal ko wani asid, ba ya haɗuwa da amoniya, sinadarin nan mai ƙarfin wari da ke cikin wasu magungunan goge-goge. Duka biyun iska mai guba suke fitarwa.

Idan kin samu kayan sun fita, hana shi dawowa bai kai wannan wahala ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: man da ya fantsama yau sabulu na fitar da shi cikin daƙiƙu, sai ya sake hawa wuta ne yake fara daskarewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a wanke cikin kasko a manta da bayansa, ko a jera tukwane cikin juna gindin wannan ya shafa wa cikin waccan. Ki bar kasko ya ɗan huce, ki share ragowar man da takarda ko tsumma a zuba a shara maimakon magudanar ruwa inda zai toshe bututu, ki wanke da ruwan ɗumi ciki da baya, ki bi gindin mariƙi da kewayen ƙusoshi da tsohon buroshin haƙori. Kada ki tsoma shi a ruwan sanyi yana tsananin zafi, gindin zai bauɗe ya daina zama daidai a murhu. Ki kuma duba wutarki. Harshen gas mai kyau shuɗi ne. Idan ya koma rawaya, iska ce ba ta isa ba ko ramukan kan murhun sun toshe, kuma baƙin hayaƙin da yake shafa wa tukunya shi ne ke cakuɗuwa da maiƙo ya zama ɓawon da kika gani. Ki cire kan murhun ki wanke, ki zura siririyar waya a ramukan, sannan ki rage wutar yadda harshenta ba zai riƙa lasar gefen tukunya ba.